Yadda Ake Zaɓen Bitamin Don Gashi, Fata Da Farce

Kwalaben bitamin na gyaran gashi da fata sun cika kemis da shagunan kayan kwalliya, kowace da alƙawarinta. Amma ƙwayar bitamin giɓi take cikewa. Idan jiki bai rasa komai ba, ƙari ba ya tsawaita gashi, wani lokaci ma illa yake jawowa. Ga matakan da ya kamata ki bi kafin ki fitar da kuɗinki.

1. Nemo musabbabi

Ba kowace zubewar gashi ce daga ƙarancin bitamin ba. Mai jego takan ga gashinta na zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma yakan dawo da kansa cikin shekara guda. Haka ma bayan zazzaɓi mai tsanani kamar taifot. Idan gaban goshi ne ke cinyewa, duba kitso mai tsauri da man miƙar da gashi. Kaushi da fason hunturu kuwa man kaɗanya suke buƙata.

2. Duba jikinki, sannan ki yi gwaji

Tsaya gaban madubi ki ja fatar idonki ta ƙasa. Idan cikinta ya yi fari maimakon ja, ga yawan kasala da haki, ana zargin ƙarancin jini. Dubi farcenki ma: wanda ya yi laushi ya lotsa a tsakiya har ɗigon ruwa zai iya zama a kai, alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe. Wannan ya fi samun mai zubar da jini da yawa lokacin al'ada, da mai haihuwa kusa-kusa, da mai tsutsar ciki. Je asibiti a auna jininki. Likita na iya ƙarawa da gwajin feritin, wanda ke nuna ajiyar ƙarfe a jiki, da na maƙoƙo.

3. Fara daga tukunya

Da furotin ake gina gashi da farce, don haka kada ƙwai, wake, kifi, gyaɗa da nono su yanke a gida. Hanta, jan nama da zogale na ba da ƙarfe. Mace baliga na buƙatar miligiram 18 a rana, mai ciki 27, namiji 8. Bitamin C, wanda fata ke haɗa sinadarin kolajin da shi, yana cikin gwaba, lemo, tumatir da garin kwalba da nono. Manja, karas da mangwaro na ba da bitamin A.

Abu biyu za ki kiyaye. Shayi na hana jiki zuƙar ƙarfe, sai ki jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Ƙwai kuma a dafa shi, domin ɗanyen farinsa na riƙe bitamin ɗin da ake kira bayotin ya hana jiki amfana da shi.

4. Karanta kwalba kafin ki biya

A Najeriya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma guji ƙwayoyin da ake ƙirgawa a leda ba suna. Daga nan dubi adadi. Baligi na buƙatar bayotin maikrogiram 30 kacal a rana, amma ana sayar da mai 5,000 ko 10,000. Ƙarancinsa ba kasafai ake samu ba, yawansa kuma na rikita sakamakon gwaji. A 2017 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yana iya ɓoye alamar bugun zuciya a gwajin jini. Idan kina sha, faɗa wa likita kafin a ɗebi jininki.

Bitamin A na ƙwaya kada ya wuce maikrogiram 3,000 a rana. Yawansa na zubar da gashi, yana kuma iya nakasa ɗan tayi. Zink kada ya haura miligiram 40. Kada ki haɗa kwalabe biyu ko uku, domin sau da yawa sinadari ɗaya ne ke maimaituwa a cikinsu.

5. Sha bisa ƙa'ida

Ƙwayar ƙarfe ta fi shiga jiki da ruwa ko ruwan lemo, ba da madara ko shayi ba. Takan sa bayan gida ya yi baƙi ko ya yi tauri, wannan ba abin tsoro ba ne. Mai sikila kada ta sha sai da izinin likita, domin ƙarfe na taruwa a jikin wanda ake yawan yi wa ƙarin jini. Mai ciki ta tsaya kan abin da aka ba ta wajen awo. Ajiye kwalbar inda yara ba za su kai ba, don ƙwayar ƙarfe na iya kashe ƙaramin yaro.

6. Ba shi lokaci

Gashi na tsiro kusan santimita ɗaya a wata, farcen hannu milimita uku. Saboda haka ba a yanke hukunci kafin wata uku. Ɗauki hoton tsagar kanki ranar da kika fara, ki kwatanta daga baya. Idan wata shida ya wuce ba canji, ko gashi na fita wuri-wuri yana barin sanƙo, ko fatar kai na ƙaiƙayi da ƙuraje, daina sayen ƙwaya ki nemi likitan fata.