Karnuka Biyu a Lambu Ɗaya

A tsakiyar birnin Niyu Yok, cikin ƙasar Amurka, akwai wani babban lambu da ake kira Central Park. Girmansa ya kai eka 843. Ba lambun kayan miya ba ne, wurin shan iska ne, mai itatuwa da tafkuna, kowa kuma na iya shiga ba tare da biyan ko anini ba. An kakkafa mutum-mutumi da yawa a cikinsa, waɗansu na dutse, waɗansu na tagulla. Akwai na wani kare wai shi Balto, wanda yara ke so ƙwarai.

Ga labarinsa. Cikin watan Janairu na shekarar 1925 ciwon mashaƙo ya ɓarke a Nom, wani ɗan gari can arewa mai nisa, a yankin Alaska. Wannan ciwo yakan toshe maƙogwaron yaro har numfashi ya gagare shi. Magani kuwa yana nesa, ga shi teku ta daskare, jirgin ruwa ba ya iya zuwa. Sai aka kai maganin cikin jirgin ƙasa har garin Nenana. Daga nan aka ɗora shi bisa wani irin keke marar ƙafa, wanda karnuka ke ja a kan ƙanƙara. Mutum 20 da karnuka wajen 150 suka yi aikin. In waɗannan suka gaji, sai su miƙa wa na gaba. Da haka suka ci mil 674 cikin kwana biyar da rabi. Balto ne ya ja gaba a zango na ƙarshe, ga duhu ga sanyi, har suka shiga Nom da asuba ran 2 ga Fabrairu. Akwai wani kare, Togo, wanda ya fi shi yin tafiya mai tsawo da haɗari, amma da yake Balto aka gani a bakin gari, shi ya sami suna.

Kafin shekarar ta ƙare wani gwani, Frederick Roth, ya ƙera siffar Balto da tagulla, aka kafa ta bisa wani dutse cikin lambun. Ran da aka buɗe ta, har Balto kansa an kawo shi wurin. Tun daga lokacin yara ke hawa bayan siffar, suna shafa kunnuwanta, har wuraren suka goge, suna ƙyalli kamar zinariya.

A shekarar 2017 sai ga wani kare kuma ya bayyana a lambun, amma shi ba a taɓa shi. Wani mai fasaha, Jeff Koons, ya shirya shi tare da kamfanin Snapchat. Ƙato ne, kamar an murɗa balan-balan an yi shi. Wanda ya duba wurin da idonsa, ciyawa kaɗai zai gani. Amma a wancan lokacin, in ya ɗaga wayar salula ya duba ta cikinta, sai ga kare tsaye ƙiƙam.

Yaya haka ke faruwa? Ba tsafi ba ne. Wayar tana sanin inda mai ita yake tsaye, don tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam. Kyamararta tana ɗaukar hoton lambun, sa'an nan ta ɗora hoton karen a kansa, daidai inda aka tsara. In mutum ya matsa kusa, karen ya ƙara girma. In ya kewaya, ya ga bayansa. Wannan dabara tana da amfani, gama ba a sare itace ko a haƙa rami. Sai dai yaron da ba shi da waya ba zai ga kome ba.

Ba a daɗe ba gardama ta tashi. Wani mai fasaha, Sebastian Errazuriz, haifaffen ƙasar Chile, ya yi irin karen sak, ya ɓata jikinsa da rubuce-rubuce. Ya ajiye shi daidai wurin na farko, ana ganinsa ta wata manhaja dabam. Ba wasa ya sa shi yin haka ba. A ganinsa lambun na jama'a ne, saboda haka bai kamata kamfani ya cika shi da kayansa kyauta ba, ko da kayan ba su ganuwa sai ta waya. In kamfani na son wurin, to, ya biya haya.

Tambayoyi

1. Me ya hana jirgin ruwa kai magani Nom?
2. Don me kunnuwan siffar Balto suke ƙyalli?
3. A ganinku, wa ya kamata ya ba da izni kafin a ajiye irin kare na biyu a wurin jama'a?