DAGA DUTSEN KAGORO ZUWA BIRNIN KADUNA: DARASI A KAN KAYAN TARIHINMU

Sau da yawa mutum ya kan ji labarin wane ya tafi Masar ya ga dalar Fir'auna, ko wance ta je birnin Rum ta ga kangayen mutanen dā, sai ya yi ta sha'awa, yana zaton irin waɗannan abubuwa sai a ƙasashen waje. Alhali kuwa a kudancin Jihar Kaduna, tsakanin Kagoro da Kafanchan da Kwoi, akwai abin da masana ke barin ƙasashensu su zo dubawa. Nufin wannan darasi shi ne a nuna wa mai karatu hanyar da zai bi ya ga waɗannan wurare da idonsa, ya san ma'anar abin da yake kallo, ya kuma san abin da doka ta ɗora masa game da su.

Dutsen Kagoro

Mafarin tafiya shi ne garin Kagoro, cikin Ƙaramar Hukumar Kaura, wanda mutanensa ke kira Gworok da harshensu. Garin yana gindin wani dogon dutse da ake hangowa tun daga nesa. A zamanin hare-hare a bisa wannan dutse jama'a suka zauna, domin mahayin doki ba shi da ta yi a wurin, kuma kogunan dutsen sun zama mafaka ga mata da yara. Wanda ya daure ya hau zai tarar har yanzu akwai masu zama a can sama suna noma, zai kuma ga inda kakanni suka ɓuya. Hawan yana da wuya, saboda haka a fara shi da sassafe, a riƙe ruwan sha, kada kuma a tafi sai da ɗan gari mai ja-gora, bayan an gai da masu gari an nemi izini. Akwai wuraren da jama'a ke girmamawa, baƙo ba ya shiga sai an ce masa shiga.

Ranar 1 ga Janairu ta kowace shekara ake bikin Afan, kalmar da ke nufin dutse. Marigayi Sarkin Kagoro Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 har 2008, watau shekara 63, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen ɗaukaka wannan biki. Kusa da Kafanchan kuma akwai Matsirga, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro ke zubowa daga bisa dutse. Ya fi ban sha'awa da damina, amma a lokacin ne duwatsun ke da santsi.

Kafanchan, garin reluwe

Daga Kagoro 'yar tafiya kaɗan ce zuwa Kafanchan. Jirgin ƙasa ne ya mai da wannan wuri babban gari. Turawa sun shimfiɗo hanyar jirgi daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, ta biyo nan ta wuce Kaduna, sa'an nan a 1927 aka buɗe reshen da ya hau zuwa Jos. Dalilinsu a fili yake: suna son kwashe kuzar Jos zuwa bakin teku, su kuma kawo kwal daga Inugu. Da Kafanchan ta zama mahaɗa, sai ma'aikata suka taru daga ko'ina, Ibo da Yarabawa da Hausawa da sauransu, suka zauna tare da mutanen Fantswam da suka tarar.

In ka je, dubi tashar da rumfunan gyaran jirage da gidajen ma'aikata. Ginin Turawan mulki yana da alamomi da ba su ɓuya: bango mai kauri, rufin kwano mai tsawo, baranda mai faɗi da ke kare ɗaki daga rana, da tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Mutanen da ba su da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ne suka yi shi, kuma masu gini na yau da za su tsaya su lura da sun ƙaru. Amma ka lura da wani abu kuma: gidajen manya suna gefe guda da fili mai yawa, na lebura kuwa a cushe. Yadda aka tsara gari ma darasi ne a kan yadda aka yi mulkin.

Nok

Yamma da Kafanchan, a ƙasar Jaba kusa da Kwoi, akwai wani ƙauye da ake kira Nok, wanda sunansa ya shiga littattafan duniya. A 1928 masu haƙar kuza a nan suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya kula da shi sosai. A 1943 kuma aka sami wani kan mutum a wurin haƙar kuza a yankin Jama'a. Wani malamin ma'aikatar ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya don ya riƙa tsorata ɓarayin gona na daji, har ya yi wajen shekara guda a can yana shan rana da ruwa. Daga baya kan ya kai hannun wani matashin jami'in mulki, Bernard Fagg, wanda ya karanci ilmin tonon kayan tarihi a Ingila. Da ya gwada shi da na 1928 sai ya ga hannu ɗaya ne, ya shiga bin ramukan kuza yana roƙon ma'aikata su daina fasa irin waɗannan abubuwa. Abin da ya tara yana cikin dalilan buɗe Gidan Kayan Tarihi na Jos a 1952. Shi ne kuma ya ara wa mutanen dā ɗin nan sunan ƙauyen Nok, gama an sami ayyukansu a faɗin ƙasa mai ɗaruruwan kilomita.

Yaya za ka gane aikin Nok? Dubi ido tukuna. Yana da kusurwa uku ko siffar rabin wata, da huda a tsakiya. Hanci da baki da kunne su ma sau da yawa a huje suke. Cikin mutum-mutumin kuwa rami ne, domin yadda ake gina tukunya aka gina shi, ana ɗora yumɓu zobe bisa zobe, kuma hudojin nan sun taimaki tururi ya fita lokacin gashi don kada ya fashe. Sa'an nan dubi kitso da tsakiyoyi da mundaye. Wanda ya ga yawan adon nan ya san mutanen suna da wadata da lokacin yin gwaninta.

Tun daga 2005 masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da Hukumar Gidajen Kayan Tarihi ta Ƙasa, suka yi shekaru suna tono a yankin. Bincikensu ya nuna mutanen sun fara zama tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, suka fara yin mutum-mutumi wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Gero suke nomawa da wake, kuma a 2021 aka bayyana cewa an sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono matoyan da suka narka tama ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, suna cikin mafiya daɗewa a Afirka ta Yamma. Ƙasar yankin tana cinye ƙashi, don haka abin da ya rage shi ne yumɓu da dutse da gawayi da kashin ƙarfe.

A nan ne babbar matsala take. Masani yana gane shekarun abu ne ta wurin gawayin da ke kwance kusa da shi, da zurfin da aka same shi, da abin da ke kewaye da shi. In an fizge mutum-mutumi daga ramin da ya kwana shekara dubu biyu, an raba shi da shaidunsa ke nan har abada. A shekarun 1990 dillalai suka sa matasa suka yi ta tona ƙasar nan dare da rana, ana ba su abin da bai taka kara ya karya ba, kayan kuwa suna ƙarewa a kasuwannin Turai da tsada mai yawa. Har gwamnatin Faransa ta sayi waɗansu aka nuna su a Faris a 2000, sai da aka yi ta ja-in-ja kafin a 2002 ta yarda cewa mallakar Nijeriya ne, aro take riƙe da su.

Birnin Kaduna

Daga nan sai a kama hanyar Kachia zuwa Kaduna, bayan an tambayi hukuma lafiyar hanya. A Kajuru za a hangi wani gini bisa dutse mai kama da fadar sarakunan Turai na dā. Kada ya ruɗe ka, wani Bajamushe ne ya gina shi a shekarun 1980, ba ya cikin lissafinmu.

Kaduna gari ne da Turawa suka zana a takarda kafin su gina. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin saboda ruwan kogi da hanyar jirgi, aka ƙaura da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, ta kuma riƙe wannan matsayi har aka ƙirƙiro jihohi a 1967. Ginin da ya fi kowane fice shi ne Lugard Hall mai ƙubba, inda Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa suka zauna, yanzu kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna. A lambun Gamji, bakin kogi, akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, aka kwance ta aka kawo nan, aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Gidan Arewa kuwa shi ne gidan Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, inda aka kashe shi ran 15 ga Janairu 1966. Tun 1970 ya zama wurin binciken tarihi, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Kada a bar gari sai an shiga Gidan Kayan Tarihi da aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC, domin a can za ka tsaya ido da ido da aikin Nok.

Abin da doka ta ce

Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi. Ta hana fita da su waje ba da takardar izini ba, ta kuma hana tono don nemansu sai da yardar hukumar. Saboda haka in garma ko diga ta ci karo da irin wannan abu a gonarka ko a ramin gini, dakata da aiki a wurin. Kada ka ciro shi, kada ka wanke, kada ka yi ƙoƙarin haɗa fasassun. Mai da ƙasa ka rufe, ka sa alama, sa'an nan ka sanar da mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai magana ga hakimi da ofishin hukumar mafi kusa, a Nok ko Kaduna ko Jos.