DARASI: DATTIJON DA YA JUYA SAURA MITA 94 YA KAI ƘOLOLUWAR EVEREST



Darasinmu na yau a kan wani dattijo ne ɗan ƙasar Chaina, sunansa Xia Boyu, ana furta shi kamar Shiya Boyu. Ranar 14 ga Mayu 2018 ya taka ƙololuwar dutsen Everest yana ɗan shekara 69, kuma duka ƙafafunsa biyu na roba ne. Yawancin masu ba da labarinsa a nan suke tsayawa, a ce nakasa ba kasawa ba ce, a jinjina masa a watse. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya yi shekara biyu kafin nan, ranar da ya hango ƙololuwar da idonsa kuma ya juya. Amma sai mun san dutsen tukuna.

Everest yana kan iyakar Nepal da yankin Tibet na Chaina, tsawonsa mita 8,849. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419. Ka ɗora irinsa uku, wani kan wani, har yanzu da sauran tafiya mai nisa. Matsalar can sama kuma ta wuce tsawo kawai. Iskar da mutum yake shaƙa a ƙololuwa, oksijin ɗin da ke cikinta kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ake samu a bakin teku. Daga mita 8,000 zuwa sama mahaya suna kiran wurin yankin mutuwa, don jiki ba ya sabawa da shi, ƙarewa kawai yake yi a hankali. Shi ya sa ake shafe makonni ana hawa ana sauka tsakanin sansanoni kafin a tunkari sama, don jini ya saba. Mai ƙafa biyu lafiyayye ma haka yake yi.

Shiya ya fara zuwa dutsen a 1975 cikin tawagar ƙasarsa, ta ɓangaren Tibet. Saurayi ne ɗan shekara 26, ɗan ƙwallo, an san shi da jure sanyi. Sun kai wajen mita 8,600 sai guguwa ta tsare su kwanaki, dole suka sauko. A hanyar saukowa wani abokin tafiyarsa ɗan Tibet ya galabaita, kuma ya yar da buhun barcinsa, wato bargon nan mai kamar buhu da ake shiga ciki a zuge. Shiya ya ba shi nasa, shi ya kwana haka nan. Ƙafafunsa suka daskare.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan sanyi ya yi tsanani, jiki yakan janye jini daga yatsu da tafin ƙafa da hanci ya tattara shi wajen zuciya da ƙwaƙwalwa, don a ceci rai. Ruwan da ke cikin naman wurin sai ya zama ƙanƙara, naman ya mutu, bayan kwanaki ya yi baƙi. Mugun abin shi ne ba ka jin zafi a lokacin, wurin ya riga ya mace. Haka aka yanke masa tafin ƙafa biyu. Yana kwance a asibiti mutum tara daga tawagarsu suka kai ƙololuwa, ranar 27 ga Mayu 1975. A 1996 kuma ciwon daji ya kama shi, aka sake yanke ƙafafun daga ƙasan gwiwa.

To ɗan uwa, tsaya ka yi tunanin abin da ƙafarka take yi maka ba tare da ka sani ba. Idan ka taka dutse mai motsi, tafin ƙafarka ne yake fara sanar da kai, kafin ma ka duba ka riga ka gyara tsayuwa. Idan kana hawa gangare, idon sawunka yana lanƙwasawa daidai da gangaren. Mai ƙafar roba ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Ƙasa ba ta yi masa magana. Sai girgizar ta haura ta iso dungulminsa ko ƙugunsa sannan ya san abin da ya taka ya goce, kuma a kan ƙanƙara wannan ɗan jinkirin ya isa ya kai mutum rami. Don haka da ido yake tafiya, kowane taku sai ya duba, sandunan hannu biyu su ne suke yi masa aikin idon sawu. Ƙarfin da yake kashewa a taku ɗaya ya fi na mai ƙafa, a wurin da kowane numfashi yake da tsada.

Sannan ga dungulmin kansa. Ƙafar roba tana da kwanon da ake zura dungulmi a ciki, an auna shi daidai. Amma nama ba ƙarfe ba ne, yau ya kumbura gobe ya motse. In ya motse kwanon ya yi masa yawa, yana gogar fata har ta sale. In ya kumbura ƙafar ta ƙi shiga, ko ta matse hanyar jini, ga sanyi yana jira. Ƙaramin gyambo da a gida za a ce a huta kwana uku ya warke, a can sama babu wurin hutun. Kuma ta ɓangaren Nepal sai an ratsa wani wuri da ake kira Khumbu, kogin ƙanƙara ne mai tsattsagewa, ana shimfiɗa tsani a kan ramuka masu zurfi a bi ta kai. Ka ƙaddara kana taka matakalar tsani da ƙafar da ba ka ji. Subhanallah.

Saboda haka duk wanda ya ce maka zuciya kaɗai ta kai shi, bai gaya maka rabin labarin ba. Shekaru ya yi yana tashi da asuba yana motsa jiki, yana hawa tsaunukan da ke kusa da Beijin. Ƙafafun roba ma sun ci gaba ƙwarai tsakanin 1975 da lokacin da ya koma, sun yi sauƙin nauyi, sun yi ƙwari. Ga kuma jagorori 'yan ƙabilar Sherpa, mutanen wannan yanki, waɗanda suke ɗaura igiyoyi, su ɗauki tukwanen oksijin, su kafa tantuna.

Ya koma a 2014, ƙanƙara ta zaftare a Khumbu ta kashe jagorori 16 'yan Nepal, aka fasa hawa a shekarar. Ya koma a 2015, girgizar ƙasar 25 ga Afrilu ta same shi a gindin dutsen, aka sake fasawa. Waɗannan biyun ba shi ya zaɓa ba.

Na 2016 ne nasa. Yana da shekara 67, shekara 41 yana jiran wannan rana, saura mita 94 ya kai, sai guguwar ƙanƙara ta taso. Mita 94 fa, bai kai tsawon filin ƙwallo ba. Babu tabbacin zai sake samun kuɗi, ko lafiya, ko ma tsawon rai. Ya ce a juya. Daga baya ya bayyana cewa jagororinsa ya duba, samari ne masu iyali, ya ga ba shi da ikon sayen burinsa da rayukansu. A ganina mutumin da ya ba da buhun barcinsa a 1975 shi ne dai ya juya a 2016, hali ɗaya ne. Bayan ya dawo gida kuma likitoci suka samu jini ya daskare a jijiyar ƙafarsa.

A Disambar 2017 sai gwamnatin Nepal ta fito da doka, ta hana makafi da masu yankakkun ƙafafu biyu hawa duwatsunta, wai don rage mace-mace. Abin mamaki, tun 2001 wani makaho ɗan Amurka, Erik Weihenmayer, ya kai ƙololuwar yana bin ƙarar ƙararrawar da abokan tafiyarsa suke kaɗawa a gabansa. A 2006 kuma Mark Inglis na ƙasar New Zealand ya kai da ƙafafun roba biyu ta ɓangaren Tibet. Masu kare haƙƙin nakasassu suka kai ƙara, a Maris 2018 Kotun Ƙolin Nepal ta dakatar da dokar.

Na san wani zai rubuto ya ce, Malam, wannan ba jefa kai ga halaka ba ne? Tambaya ce mai kyau, kuma ba na cewa kowa ya sayar da gona ya tafi Nepal. Fiye da mutum 300 sun mutu a kan wannan dutse. Sai dai ka lura, kusan dukkansu da ƙafafunsu biyu da idanunsu biyu suka mutu. Abin da yake kashe mutane a can shi ne zaftarewar ƙanƙara, faɗuwa, ciwon rashin iska, da taurin kan wanda lokacin juyawa ya yi ya ƙi juyawa. In za a tace masu hawa, sai a tambayi kowa wane dutse ya taɓa hawa, me likita ya ce, su wa za su raka shi, ba a ƙirga gaɓɓansa ba. Dokar Nepal za ta bar attajirin da bai taɓa ɗaura igiya ba ya wuce, ta tare wanda ya riga ya nuna ya san lokacin juyawa. Idan akwai abin da ya kamata ya dame mu game da Everest, to batun 'yan Sherpa ne, talakawan da suke ratsa Khumbu sau da yawa a kaka ɗaya ɗauke da kayan wasu don neman abinci. Wannan nauyi yana wuyan duk mai hawa, mai ƙafa da mara ƙafa.

Wata biyu bayan hukuncin kotu Shiya ya kai ƙololuwa a yunƙurinsa na biyar, shekara 43 bayan na farko, kuma shi ne mai yankakkun ƙafafu biyu na farko da ya hau ta ɓangaren Nepal. Bai sauko lafiya ƙalau ba, sanyi ya ƙone masa kumatu, sai da ya kwanta asibiti a Katmandu. Cikin waɗanda suka yaƙi waccan doka akwai Hari Budha Magar, ɗan Nepal, tsohon sojan Birtaniya da nakiya ta cire wa ƙafafu a Afganistan a 2010. Nasa yankan daga saman gwiwa ne, wato ko gwiwar da Shiya yake lanƙwasawa shi ba shi da ita. Ya kai ƙololuwar ranar 19 ga Mayu 2023.