Yadda Ake Kwance Notin Da Ya Cije A Birkin Tsohon Babur

Duk wanda ya taɓa gyaran birkin tsohon babur irin su BSA ko Triumph ya san wahalar ba ta cikin canja fatar birki. Wahalar tana wajen isa gare ta. Akwai ɗan noti guda wanda yake riƙe hannun birki a kan sandar da take buɗe fatun nan biyu cikin ƙafa. Wannan noti yana ƙasa kusa da hanya, ruwan damina da taɓo kullum suna dukansa, sa'an nan zafin birki ya busar da shi. In ya shekara ashirin haka ba a taɓa shi ba, sai ka ga kamar an yi masa walda.

Abin da ya riƙe shi tsatsa ce. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska yakan zama tsatsa, ita kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri. Sai ta cika ɗan filin da ke tsakanin zaren noti da na sanda, ta cushe shi kam. Saboda haka aikinmu shi ne mu farfasa tsatsar nan, ba mu yi kokawa da ƙarfe ba. Ku tuna kuma noti abu ne mai araha, amma sandar ba haka take ba. Kamfanin BSA na asali ya daina ƙera babura tun 1973, in ka karya ta sai ka sha yawo kafin ka sami wata.

To, da fari sai a duba sifana, don a nan yawancin mutane suke ɓata aiki tun ba su fara ba. Baburan Ingila na dā ba da milimita aka auna notinsu ba. Suna bin ma'aunin da Joseph Whitworth ya tsara a 1841, da waɗansu da aka gina a kansa. Lambar da ke jikin irin wannan sifana kaurin sanda take nufi, ba faɗin kan noti ba. Wadda aka rubuta wa 1/4 W, faɗin bakinta milimita 13.3 ne. Sifana mai lamba 13 ba za ta shiga ba, mai lamba 14 kuwa ta shiga amma tana rawa. Da ka danna sai ta zame ta cinye kusurwoyin noti, ya zama kamar ƙwallon goriba, ba abin da zai sāke kama shi. A nemi sifanar da ta dace, mai zobe wadda take kewaye notin duka. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin nan sun soma komawa ma'aunin Amurka, don haka a gwada, kada a yi zato.

A lura kuma da inda zare ya nufa. Yawanci hagu ake murɗawa a kwance, amma sandar ƙafar gaba ta waɗansu BSA na shekarun 1950 zarenta a juye yake. Mai murɗa ta hagu ƙara ɗaure ta yake yi.

Bayan wannan a goge wurin da buroshin waya, a ɗiga man kwance tsatsa, in babu shi a sa kananzir. A bar shi ya kwana. Samari ba sa son jin wannan, amma man yana bukatar lokaci kafin ya ratsa. Sai dai a toshe gefe da tsumma, gama in mai ya taɓa fatar birki ta lalace ke nan, wanki ba ya gyara ta. Da safe a tokare gefe guda na noti da babbar guduma, a riƙa ƙwanƙwasa ɗaya gefen da ƙarama, a hankali. Sa'an nan a riƙe hannun birki sosai, a ɗan ɗaure notin tukuna kafin a juya baya. In ya motsa ko kaɗan, kada a yi gaggawa. A yi gaba, a yi baya, ana ƙara mai.

In ya ƙi, sai wuta. Lalle ne a cire ƙafar a kai ta nesa da tankin fetur, a share kananzir ɗin nan sarai. Noti kaɗai za a gasa, da sauri, kafin zafi ya kai sandar. Ga abin da malami zai iya kai wa aji: yara da yawa suna tsammani in zobe ya yi zafi raminsa tsukewa yake yi. Ba haka ba ne, ramin ma faɗi yake ƙarawa. Ƙarfe mai faɗin milimita 25 in an ƙara masa zafi digiri 200, yakan ƙaru da kamar milimita 0.06, wato wajen kaurin gashin kai. Ɗan wannan ya isa ya fasa tsatsa. Amma a yi hattara da faifan da ke bayan noti. Sau da yawa na alminiyam ne, shi kuwa ba ya yin ja kafin ya narke, sai dai kawai ka ga ya zube.

Akwai masu zura bututu a sifana don ta ƙara tsawo. Hannu mai tsawon inci 18 ya ninka ƙarfin mai inci 6 sau uku, gaskiya ne. A ganina wannan dabara ta babban noti ce, kamar na tsakiyar ƙafa. A kan siririyar sandar birki, abin da zai fara sakewa sandar ce, ba noti ba.

In duk an yi bai saki ba, a sadaukar da noti. A yanka gefensa da zarton ƙarfe, a tsaya kafin a kai zaren sanda, a sa kurfi cikin tsagar a buga, zai buɗe.

Da an buɗe birki, kada a hura ƙurar ciki da baki. Tsofaffin fatu da asbestos aka yi su, ƙurarsa tana ɓata huhu ko bayan shekaru masu yawa. A share da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle shi a leda a yar. Wajen mayarwa a sa sabon noti mai zare irin na dā, a shafa wa zaren giris kaɗan, a matsa birki a gani ya kama kafin a hau titi.