Madubin Likita: Yadda Za A Yi Aiki Da Shi Cikin Lafiya

Idan zazzaɓi ya kama yaro a unguwar Mafoni ta Maiduguri aka kai shi asibiti, akan ɗebi ɗigon jininsa a shafa bisa gilashi, a rina shi, a ɗora ƙarƙashin madubin likita. Wannan madubi yana girmama abu har sau 1,000, ta haka ake ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda wani likitan Faransa, Laveran, ya fara gani a 1880. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin wannan zazzaɓi. Saboda haka maganin da za a ba yaron ya rataya ga idon ma'aikacin da ke duba gilashin. Ma'aikacin da wuyansa ya ƙage, idonsa ya gaji, yana iya tsallake ƙwayar cuta bai gan ta ba.

1. Zama

Wajibi ne a daidaita kujera da madubi gwargwadon tsawon ma'aikaci. Ya zauna bayansa a miƙe, tafin ƙafafunsa a ƙasa, hannuwansa a kwance bisa tebur. Idan madubin ya yi ƙasa, a ɗora shi bisa katako mai faɗi, kada mutum ya wuni a sunkuye har ciwon wuya da na baya su kama shi.

2. Ido

A duba da ido biyu a buɗe, bayan an daidaita tazarar bututun biyu. Kada hasken fitila ya wuce kima. Bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a hangi nesa, bayan awa guda kuma a tashi a miƙe jiki.

3. Jini da kaki

A garin Lassa na Jihar Borno aka fara gano zazzaɓin Lassa a 1969. A 1970 wata likita a Jos, Dokta Jeanette Troup, ta yanke hannu tana binciken gawa, cutar ta kama ta, ta rasu. Lalle ne a ɗauki kowane jini da kowane kaki a matsayin mai ɗauke da cuta. A sa safar hannu, a jefa fasasshen gilashi cikin akwati mai ƙwari, kada a ci ko a sha a ɗakin gwaji, a wanke hannu da sabulu kafin a fita.

4. Kula da madubi

Ƙurar hunturu tana karce gilashinsa, laimar damina kuma tana sa shi fumfuna. A goge man da aka ɗiga da takardarsa ta musamman, a rufe shi bayan aiki. In za a ɗauke shi, a sa hannu biyu, ɗaya a mariƙi, ɗaya a gindi.

Jama'a kuma su yi haƙuri, kada su matsa wa ma'aikaci da gaggawa. Sakamakon da aka duba a natse shi ne abin dogara.