Shin Mutum Ɗaya Ne Ke Cin Kofi?

Tambaya: Ni manomin shinkafa ne, kuma ma'abocin gidan kallon ƙwallo. Ƙanena ya dawo hutu daga Dutse da wata magana, wai akwai wani Ba'amurke, Tom Brady, da ya ci wasa 251 da kofi 7, don haka babu kamarsa. Na ce masa ƙungiya ke cin wasa, ba mutum ɗaya ba. Wace irin ƙwallo ce wannan, kuma wa ya fi gaskiya a cikinmu?
Daga wani mai karatu a Miga, Jihar Jigawa.

Amsa: Malam, alƙaluman ƙanenka daidai suke, amma kai ma ba ka faɗi ƙasa ba.

Ƙwallon da yake nufi ba irin tamu ba ce. 'Yar'uwar zari-ruga ce, da hannu ake yinta, babbar gasarta kuma ita ce NFL. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama 4 su matsa gaba yadi 10. Idan suka kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Duk wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki 6.

Brady kwatabak ne, wato madugun masu kai hari. Kusan duk lokacin da za a fara kai hari, shi ake fara miƙa wa ƙwallo. A cikin hular kwanonsa akwai 'yar na'urar da koci ke yi masa magana. Zai tara 'yan wasa, kai da kai, ya faɗa musu dabarar da za a bi, sannan ya ɗaga ido ya dubi yadda abokan gaba suka jeru. In bai gamsu ba, nan take ya canza shiri da ihu. Da ƙwallo ta shiga hannunsa, 'yan daƙiƙu kaɗan gare shi ya jefa ta, ga ƙarti sun yo kansa. Shi ya sa Amurkawa ke rubuta nasara da faɗuwa a gaban sunansa.

Kuma Brady ya cancanci yabo, ban da ja. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2000, sai da aka ɗauki mutum 198 kafin New England Patriots ta waiwaye shi. Ya yi kaka 23, ya ci kofin Super Bowl 6 da ita, ya koma Tampa Bay ya ƙara na 7 a 2021 yana ɗan shekara 43. Ka tuna wasa 16 kacal ake yi a kaka a yawancin zamaninsa, sannan ka sake duban 251 ɗin nan. Peyton Manning da Brett Favre, gwanaye na gaske, a 186 kowannensu ya tsaya. A wasan ƙarshe na 2017 Atlanta na gaba da ci 28 da 3, amma aka tashi Patriots 34, Atlanta 28.

To ga inda maganarka ke da ƙarfi. Idan ƙwallo na hannun abokan hamayya, kwatabak ba ya ma cikin fili. Yana benci, wasu mutum 11 daban ke tsaron gida. Dan Marino na Miami ya kafa tarihin jifa a 1984, amma har ya yi ritaya bai taɓa ɗaga kofin ba. Shi kuwa Trent Dilfer ya ci kofi da Baltimore a 2001 albarkacin masu tsaron gida, kuma ƙungiyar ba ta ko riƙe shi zuwa kaka ta gaba ba. Babu mai hankalin da zai fifita Dilfer a kan Marino. Kai da ka san aikin gayya a fadama, ka san sunan mai gona ake kira ranar girbi, ko da lauje ashirin suka yanke shinkafar.

Akwai kuma abin da zai yi maka daɗi. A kakar 2007 Brady da Patriots suka cinye wasanninsu 16 cif, suka je wasan ƙarshe New York Giants ta doke su 17 da 14. Cikin masu tsaron da suka hana shi sakat har da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. A 2012 suka sake karawa, Giants ta sake yin nasara.

Mu ma nan gida muna yin irin wannan lissafi, ba ma dai rubutawa. In aka ambaci kofunan Kano Pillars na 2012, 2013 da 2014, sunan Rabi'u Ali Pele ke fara zuwa bakin masoya Sai Masu Gida, alhali da mai tsaron raga da 'yan baya aka ci su. Ahmed Musa kuwa ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar, amma Enyimba ce ta ɗauki kofin shekarar. A dambe ne kawai, inda Shago ya yi suna, kisa ke zama na mai hannun shi kaɗai.

Ni dai ina ganin kofi 7 a ƙungiya biyu ya wuce sa'a, don haka ka bar wa ƙanenka wannan. Amma in ya kawo maka Patrick Mahomes na Kansas City, mai kofi 3 a 2020, 2023 da 2024, ka tuna masa wasan ƙarshe na 2021. Biyu daga cikin manyan masu kare Mahomes na jinya, ya kwana yana gudun ceton kai a fili, Brady ya doke shi 31 da 9.