Tambaya da Amsa: Mu Yaye Rufin Ƙasa Mu Buga Kwano?

TAMBAYA

Gidanmu na gado yana cikin birnin Kano, ginin ƙasa ne tun na kakanmu: zaure, soro biyu da ɗakuna biyar, duk rufin azara. A daminar bana ɗakin Hajiyarmu ya yi ta yoyo har sai da muka mayar da ita ɗakin ƙanwata, rufin madafa kuma ya rufta, Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Ni da ƙannena mun haɗa kuɗi. Su suna cewa a yaye rufin ƙasar gaba ɗaya, a buga kwano irin na zamani, a shafe bango da siminti, kowa ya huta. Hajiya ta ce ba za ta kwana a ƙarƙashin kwano zafi ya gasa ta ba, kuma ba ta yarda a taɓa soron mahaifinmu ba. Ni ne babba, kowa ni yake kallo. Wace shawara za ka ba ni?

Mai karatu daga cikin badala, Kano

AMSA

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kiyaye gaba.

Shawarata ita ce ku buga kwanon, amma duk rufin da yake da sauran lafiya ku bar shi a inda yake, ku ɗora kwanon a bisansa. Maganar shafe bango da siminti kuwa ku ajiye ta. Zan ba ka dalilai, domin kai za ka zauna da ƙannenka ka gamsar da su, kuma ba su yi laifi ba da suka gaji.

Rufin ƙasa abu ne da aka gina shi bisa sharaɗin za a riƙa kula da shi kowace shekara. A da, kafin ruwan fari, maigida zai kira magini ya hau sama, ya toshe tsaga, ya gyara bakin indararo, ya sabunta yaɓe. Kayan aikin kuma a cikin gari ake samun su. Makuba daga ɓawon ɗorawa take fitowa. Laso, wanda shi ne yake hana ruwa ratsa rufi, ana haɗa shi da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Yau marina nawa suka rage a Kano in ka cire irin su Ƙofar Mata? Maginan da suka iya haɗin sun tsufa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo, azarar giginya ta ƙwarai ta yi tsada. To rufin da aka daina yi wa hidimar da ya saba samu dole ya yi yoyo. Ba zan ce muku ku koma laso ba alhali na san wahalar samunsa, shi ya sa na yarda da kwano.

Amma Hajiya tana da gaskiya a kan zafi, kuma gaskiyar tata ba ta tsufa ba ce kawai. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, kwano kuwa da tsakar rana hannu ba ya iya taɓa shi, kuma da yake fale-fale ne, nan take yake sauke zafin cikin ɗaki. Ƙasa mai kauri sai ta ɗauki sa'o'i kafin zafi ya ratsa ta. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro da azahar a bazara ya san sanyin da nake nufi. Da hunturu kuma abin ya juya: kwano ya yi sanyi ƙalau da asuba, ɗakin ƙasa yana riƙe da ɗuminsa. Ga ƙarar ruwan sama, wadda a ƙarƙashin kwano maras silin ko maganar na kusa da kai ba ka ji. Idan kun yaye rufin, sai kun sake kashe kuɗi a kan silin, kuma babu silin da za ku saya a kasuwa da zai kai wanda kakanku ya bar muku. Idan kuka bar shi kuka ɗora kwano a sama, kwanon ya zama malafa, yana tare ruwa da rana, ƙasar tana riƙe sanyi. Ku bar tazara kamar kamu ɗaya tsakaninsu don iska ta riƙa wucewa, ku rufe tazarar da ragar waya saboda tattabaru da ɓeraye.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim a shekarun 1830, an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, aka bar ginshiƙai da bakunan ƙasa na asali a ciki. Masana gine-gine sun yi ta jayayya a kan kyan sabon ginin, amma aikin Babban Gwani yana nan ana ganinsa saboda ruwa ya daina dukansa. Soron mahaifinku, in har ɗaurin guga ne ko bakan gizo, ya cancanci irin wannan kariya. In an rushe shi, da wuya ka sami wanda zai mayar maka da shi ko nawa za ka biya.

Sai dai ba kowane rufi ne zai tsira ba, kuma nan ne nake so ka tsaya da kanka. Ka nemo tsohon magini, kafin kafinta, ku shiga ɗaki-ɗaki da tocila da doguwar ƙusa. Azara daga bakinta take mutuwa, wato inda ta shiga cikin bango, domin nan danshi yake kwanciya. A soka ƙusar a wurin. Lafiyayyar azara za ta turje, ƙusa ba za ta shige ta ba. Wadda ta ruɓe za ka ji ƙusar ta nutse, wani baƙin gari ya zubo. Ka duba ko rufin ya yi ciki a tsakiya, ko akwai layin ƙasar gara da ya hau bango, ko tabon ruwa da ya daɗe har ya yi duhu. Ɗakin da azararsa ta tafi a sauke rufinsa, kada a yi masa kara. Rufin ƙasa mai jiƙe nauyinsa ya isa ya hallaka mutum, kuma ka ga abin da ya faru da madafa. Irin wannan ɗakin sai a yi masa kwano da silin. Azarar da aka ciro mai lafiya kada a bari ta tafi murhu, za ta yi amfani a gyaran sauran.

Abu biyu ne suke kashe gidan ƙasa bayan an buga masa kwano: iska da ruwan da kwanon ya tara.

Iskar farkon damina daga gabas take tasowa, kuma kowace shekara muna ganin kwanukan da ta yaye ta watsar a lungu. Ƙasa ba ta riƙe ƙusa yadda bulo yake riƙewa. Idan kafinta ya shimfiɗa katako a kan bango ya ɗaure shi da guntun langa-langa da aka cusa taƙi ɗaya, rufin aro kuka yi. Langa-langar ta sauka can cikin bango, a naɗe ta a jikin guntun azara da aka binne a kwance, a mayar da ƙasa a kai. Inda bangon ya yi rauni, gara a kafa ginshiƙan ƙarfe daga ƙasa su ɗauki rufin. Kuma nauyin sabon rufin a kan bango zai zauna, kada a kafa ko tsinke a tsakiyar tsohon rufin. Katakon a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi.

Ruwa kuwa shi ne babbar maganar, kuma shi ne abin da masu gyara suka fi mantawa. Yi lissafin da kanka: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Idan rufinku ya kai murabba'in mita 100, aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, lita 3,000 ke nan za ta sauko, kuma kwano ba ya jinkirta ko ɗigo. Ina za ta? Tsohon maginin da ya gina gidanku ya riga ya amsa wannan tambaya: ya karkata kowane rufi zuwa indararonsa, ya san inda kowane indararo yake zuba, kuma maƙwabta sun san da shi tun zamanin kakanni. Ranar da kafinta ya juya gangaren kwano zuwa inda ya fi masa sauƙi, wannan tsohuwar yarjejeniya ta warware. Na ga gida a cikin birni da aka yi wa kwano mai kyau, bakinsa ya tsaya daidai kan katangar maƙwabci. Ruwan yana sauka a gindin katangar, yana fantsama, yana cin ƙasar daga ƙasa, har gindin ya rame ya bar saman a tsaye ba madogara. Katangar ta faɗi a cikin damina, zumuncin gidajen biyu ya bi ta.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da sanin nauyin wannan. Ibn al-Rami, wani magini a birnin Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, kuma rigimar indararo da katangar tarayya suna cikin abubuwan da ya tattauna. Asalin hukuncin shi ne ba ka da ikon jawo wa maƙwabci sabuwar cuta don gyaran naka gidan. Saboda haka kafin a sayi ko bandir ɗaya, ka kira maƙwabtan da kuka haɗa bango, in da hali da mai unguwa, ku tsaya a tsakar gida ka nuna musu inda ruwa zai bi. Inda ya yiwu, gangaren ya fuskanci tsakar gidanku, a tara ruwan da magudana ta ƙarfe, a sauko da shi ta bututu zuwa kwata, ko zuwa tanki, tunda cikin birni ruwa saye ake yi. A ɓangaren tsakar gida ku bar bakin kwano ya fito kamar rabin mita don ya kare bango. A ɓangaren lungu kuwa kada ya leƙa. Lungunan cikin birni wasu makara ma da kyar take wucewa, bakin kwano kuma wuƙa ne.

Wasu sun fi son a ɓoye kwanon a bayan rawanin gini, yadda daga waje za a ci gaba da ganin zankwaye da fuskar zaure kamar da. Ina son wannan a fuskar gida, domin unguwa tana da kamanninta, kuma dogon rufin nan mai tsini da ake yayi a sababbin unguwanni ba ya zama da kyau a kan ginin ƙasa, ga shi yana tare iska. Amma ɓoyayyen rufi yana da haɗarinsa: magudanar tana kwance a jikin bango, in ta toshe da ƙurar hunturu da leda, ruwan cikin bangon zai shiga ba wanda ya gani. In za ku yi, a yi ta da faɗi, a ba ta mafita biyu, a lulluɓe kan rawanin da ƙarfe, kuma a sa yaro ya hau ya share ta kowace shekara kafin ruwan fari.

Siminti a kan bangon ƙasa na hana ku ne saboda ba sa kama juna. Shekara kaɗan sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita domin simintin ya hana bangon shan iska. Daga waje sumul, ciki kuwa taɓo. Ka ƙwanƙwasa irin wannan bango a unguwarku za ka ji yana amsawa kamar ba komai a bayansa. A yi yaɓen ƙasa, a fi ba bangon gabas kulawa, a gyara kwata ta daina kwanciya a gindin gini.

Game da irin kwanon, kada sunan kasuwa ya ruɗe ka, kauri za ka tambaya. Alminiyam dogo na milimita 0.45 zuwa 0.55 ya wadatar, ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma da yake doguwar falle ce, mahaɗar da ruwa zai bi ta ragu. Ka sa a auna a gabanka, domin abin da aka rubuta a rasit da abin da aka ɗora a mota ba kullum suke zama ɗaya ba. Ka zaɓi fari ko mai haske, ya fi mayar da rana. A buga shi da ƙusarsa mai roba, a kan tudun kwanon, ba a cikin kwarin da ruwa yake bi ba. In kuɗin bai kai ba, kwano na gargajiya mai kauri ya fi alminiyam fale-fale.

Ku yi aikin da rani, bayan rufin ƙasar ya bushe sarai, don kada ku kulle danshi a ƙarƙashin kwano. Kuɗin da kuka haɗa in bai isa gidan duka ba, ku fara da ɗakin Hajiya da soron, madafa ta biyo baya, sauran ɗakunan a toshe musu tsaga su jira baɗi. Kuma ranar da maginin zai zo duba azara, ka sa ƙannenka su kasance a wurin, kowa ya riƙe ƙusar ya soka da hannunsa.